Numfashin Ɗan Fusaina

Ramatu, na ji abin da kika ce wa ƙawarki ɗazu a bakin famfo. Wai aikin duka na uwa ne, ita ke naƙuda, ita ke yunƙuri, mu hannu kawai muke tarawa, yaro ya faɗo ya yi kukansa. Ba faɗa zan yi miki ba, yau ba ni da ƙarfinsa. Ku jawo bencin nan ku zauna, ku huɗun, tunda babu mai naƙuda yanzu. Wayoyin kuma a sa su a aljihu.

Rabin maganarki gaskiya ce. Yawancin jarirai da kansu suke kuka. Kina iya yin wata guda a gidan nan ba ki ga wanda ya ƙi ba, ki koma makaranta ki ce aikin ungozoma zaman jira ne. Sai dai akwai wanda zai fito ya kwanta a tafin hannunki shiru, laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma, kuma minti ɗaya ke gare ki ki fara abin da za ki yi masa. Akwai kuma wanda zai yi kukan, kowa ya yi murna, bayan rabin awa ƙirjinsa ya soma gazawa. Saboda waɗannan biyun aka ajiye mu.

Haihuwar farko da na tsaya a kanta, a nan unguwar Nima ne, wani ɗaki a bayan babbar gota, wato lambatu, ina da shekara sha shida. Gwaggo Dije, yayar babana, ita ce ungozomar lungunmu, ni ke ɗaukar mata kaya. Kayan ba su da yawa: sabuwar reza, zare, tsummoki, man kaɗanya, sai farantin ƙarfe da cokali. Yaron ya fito launin toka, bai motsa ba. Gwaggo ta kama ƙafafunsa ta rataye shi kai ƙasa, ta bubbuga masa baya, ta sheƙa masa ruwan randa, ta ce in kaɗa farantin a bakin kunnensa. Na yi ta kaɗawa har hannuna ya gaji. Can sai ya ja wata doguwar ajiyar zuciya, ya saki kuka. Shekara uku na yi ina ɗauka farantin ne ya tashe shi. Waɗanda aka kaɗa wa ba su tashi ba, sai a ce ba masu zama ba ne, a naɗe su. Kada wadda ta raina Gwaggo a cikinku. Tana ɗora hannu a ciki ta gaya miki yadda yaro ya kwanta, ba ta kuskure. Abin da ke cikin ƙirjinsa ne babu wanda ya taɓa nuna mata.

Da idonta ya fara rauni sai ta kawo ni gidan haihuwar nan, wajen Madam Akwele, wadda ta buɗe shi bayan ta bar aikin gwamnati. Madam 'yar ƙabilar Ga ce, a unguwar Kotobabi ta tsinci Hausarta, ba ta raba mace da namiji a magana, kowa "ya" ne a bakinta. Shekara biyu ina shara, ina dafa almakashi, ina wanke ledar gado, kafin ta tura ni makarantar ungozoma. Amma darasin da ya zauna mini ba a makarantar na samo shi ba, a bayan gidan nan ne, wajen wanki.

Wata safiya ta aike ni wajen mahauta. Ta riga ta yi magana da ɗayansu, ya ajiye mata huhu biyu: na tunkiya, da na ɗan tayin da aka samu a cikinta. Ta cika bokiti da ruwa ta ce in jefa su. Na tunkiyar ya taso yana yawo a sama, fari-fari, sakayau kamar soso. Na ɗan tayin ya nutse, baƙi-baƙi da nauyi, sai ka ce hanta.

"Memuna, wannan ya sha iska, wannan bai taɓa sha ba," in ji ta. "Yanzu ke ki ba shi."

Ta zura siririn tiyo a maƙogwaron ƙaramin ta miƙo mini. Na hura, bai motsa ba. Na sake hurawa har kumatuna suka yi zafi, kunnena ya toshe. A karo na huɗu ko na biyar ya buɗe gefe guda, launinsa ya washe, sai sauran ya bi. Bayan nan hurawar ta yi sauƙi.

"Kin ji wahala?"

Na ce na ji.

"To yaro shi kaɗai yake yin wannan, kuma ƙirjinsa bai kai tafin hannunki ba."

Ku riƙe wannan, don duk aikin a kansa yake. Yaro a ciki ba ya shaƙar iska. Huhunsa cike yake da ruwa, ruwan da huhun ne da kansa yake yi. Mabiyiya ke yi masa numfashi, ta igiyar cibiya. Jininsa ma yawancinsa ba ya bi ta huhu, akwai gajeriyar hanya kusa da zuciya da yake ratsewa ta nan. Naƙudar da kuke gani kamar azaba ce kawai, ita ce ke sanar da huhu ya daina yin ruwan, ya fara tsotse shi. Idan ya fito, sanyin duniya ya taɓa fatarsa, ya ja numfashin farko da duk ƙarfinsa, iska ta tura sauran ruwan gefe. Iskar na shiga, hanyoyin jinin huhu su saki, jini ya kwararo, ita kuwa gajeriyar hanyar ta fara rufewa, cikin kwana ɗaya ko 'yan kwanaki ta toshe. Shi ya sa kuke ganin launinsa na juyawa daga toka zuwa ja a gaban idonku, tafin hannu da na ƙafa su ne na ƙarshe. Shi ya sa kuma yaron da aka ciro da tiyata kafin naƙuda ta fara, sau da yawa yakan yini biyu yana numfashi da sauri, don huhunsa bai samu sanarwa ba.

Darasi na biyu da ledar koko ta yi mini shi. Ta jiƙa cikin ledar, ta matse, ta ce in buɗe. Gefe da gefe sun manne, sai da na sa farce. Ta ɗiga kumfar sabulu a ciki ta sake matsewa, na taɓa kawai ta zame ta buɗe. Ta ce cikin huhu 'yan jakunkuna ne ƙanana da ba su ƙirguwa, kuma huhu yana yin wani abu mai santsi kamar sabulun nan, wanda ke hana su mannewa in an fitar da numfashi. Abin ba ya fara samuwa sai ciki ya tsufa, ba ya wadata sai an kusa wata tara. Bakwaini ba shi da isasshe. Duk lokacin da ya fitar da iska jakunkunan su rufe, sai ya sake buɗe su daga farko. Wahalar da na sha sau biyar a bayan gida, shi zai sha ta sau sittin, sau saba'in a kowane minti, har ƙarfinsa ya ƙare.

Kayan aikin wannan minti ɗayan duk suna kan tiren nan da kuke wucewa ba ku kallo. Tawul biyu masu ɗumi, hula, 'yar robar tsotse majina, agogo mai hannun sakan, da jakar iska da murfinta na fuska. Ki goge shi da ƙarfi, ki murza bayansa, ki jefar da jiƙaƙƙen tawul ki ɗauki busasshe, idonki a ƙirjinsa. Bai ja ba, ki kwantar da shi, ki ɗan ɗaga haɓarsa kamar mai sansanar abinci, ki ɗora murfin ya rufe hanci da baki, ki matsa jakar. Idan ƙirji bai tashi ba, iska ba ta shiga, ki gyara kan, kada ki ƙara ƙarfi. Ba a rataye shi, ba a zuba masa ruwan sanyi. Sanyi yana cinye ɗan ƙarfin da yake da shi. Ranar da na kaɗa wa wani jariri murfin kwano a gaban Madam, sai ta ture ni da kafaɗa ta ɗauki jakar. Da yaron ya yi kuka sai ta sa ni zama da 'yar tsana ina matsa mata iska tun hantsi har azahar.

Jariran ma ba su kai manya wahala ba. Kaka za ta zo da bahonta tana so a yi wanka yanzu-yanzu, yaron da ko awa ɗaya bai yi da koyon numfashi ba. Ki hana, ta ce ku 'yan asibiti ba ku san darajar ruwan zafi ba. Alhaji zai tsaya a ƙofa yana kaɗa makullin mota, a sallami matarsa kafin azahar. 'Yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwa za su iso kai ya riga ya leƙo, ba su taɓa zuwa awo ba, ba su san watan cikin ba. Ki sallami yaro lafiya lau, a kai shi ɗakin da ba taga, a rufe ƙofa, a hura gawayi, a ƙara da turaren wuta. Kwana huɗu a dawo miki da shi yana tari. Shekara arba'in da wani abu ina maimaita magana ɗaya a lungunan Nima da Maamobi, har na gaji da jin muryata.

Muguwar shekarar ita ce ta ɗauke-ɗauken wuta, wadda mutanen nan suka sa wa suna dumso. Ku kuna firamare lokacin. Madam ta rasu, gidan yana hannuna, ni da Sista Adiza. A ɗauke wuta yini da kwana, a kawo ta rabin yini. Muna da injin da ke tace oksijin daga iskar ɗaki, amma da wuta yake aiki. Muna da silinda ɗaya, cika ta kuwa sai an bi layi, don kowane asibiti ita yake nema. Janareton tun na zamanin Madam ne.

Ranar wata Litinin Fusaina ta zo, matar Isaka mahauci. Shekararsu shida da aure, wannan ne cikin farko da ya tsaya, wata bakwai da 'yan kwanaki. Na karɓi haihuwa uku tun asuba, fanka ba ta juyawa, benci cike da masu awo.

"Anti Memuna, bayana ke ciwo tun jiya," ta ce. "Yana zuwa yana tafiya."

Na latsa cikin, na sa ƙahon saurare na ji bugun zuciyar yaro, lafiya. Na tambaye ta ko tana ɗibar ruwa, ta ce tana yi, famfonsu ya ƙafe. Na ce gajiya ce, na ba ta maganin ciwon jiki, na ce ta je ta kwanta. Ta faɗa mini da bakinta cewa yana zuwa yana tafiya. Abin da ya kamata in yi, in kwantar da ita, in ɗora hannu a cikin minti goma ina kallon agogo, in duba bakin mahaifa. Ban yi ba. Akwai allurar da ake yi wa uwa a babban asibiti idan naƙuda ta yi barazanar zuwa da wuri, tana hanzarta wa huhun yaro yin abin nan mai santsi. Tana bukatar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta yi aiki. Daga Litinin zuwa Laraba kwana biyu ne.

Laraba, ranar kasuwar Nima, wajen sha ɗaya na safe, aka shigo da ita a rirriƙe. Ko gado ba ta gama hawa ba ya fito. Namiji, tsawonsa bai fi kwalbar ruwa ba. Ya yi kuka, siriri kamar na 'yar kyanwa. Surukarta a waje ta ji, ta fara hamdala, aka aika kasuwa a gaya wa Isaka. Na goge shi, na sa masa hula, na kwantar da shi a ƙirjin uwar, na tsaya.

Rabin awa bai cika ba ya fara nishi. Ku saurara, don wannan sautin za ku yi ta nema har ku bar aiki. Ba kuka ba ne, ɗan gajeren "ihh" ne a ƙarshen kowane numfashi. Yaron ne ke tare iskar a maƙogwaro don kada jakunkunan su rufe gaba ɗaya. Babu wanda ya koya masa, dabararsa ke nan ta ƙarshe. Ƙofofin hancinsa na buɗewa, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ƙasan ƙirjin na zurmawa har za ki iya sa yatsa. Na ƙirga, ya wuce tamanin a minti. Lafiyayyen jariri arba'in ne zuwa sittin.

Na kunna injin na sa masa tiyo a hanci, launinsa ya ɗan dawo. Adiza na kan waya tana neman inda za su karɓe shi. Ana kiran azahar wuta ta tafi. Isaka ya iso da rigar aikinsa, jini bai bushe a jikinta ba, shi ya yi ta jan igiyar janareto. Janareton ya yi tari sau biyu ya mutu. Na juya kan silinda, allurarta na kusa da ja.

Na ce masa, "Malam Isaka, nemo tasi. Yanzu."

Na kwance gaban rigata na manna yaron a fatata, na ɗaure da zane, tiyon ya fito ta wuya. Isaka ya zauna kusa da ni a baya, silinda tsakanin gwiwoyinsa, jakar iska a cinyata. Fusaina kuwa na bar ta wajen Adiza, tana kallon ƙofa.

Kun san titin Nima ranar Laraba. Manyan motocin albasa da doya sun tare rabin hanya suna sauke kaya, trotro, wato motocin haya, sun tare sauran. Direban, wani dattijo Ba'ashante, ya ɗaura jan ƙyalle a madubi alamar gaggawa, ya danne hon. Isaka ya fita sau biyu yana roƙon masu baro su janye. Tafiyar da ba ta kai minti goma ba, sai da muka kusa awa kafin mu ga unguwar Kanda. A nan silinda ta yi shiru.

Jim kaɗan na ji nishin ya tsaya a ƙirjina. Ya dawo. Ya sake tsayawa, ya daɗe. Na kwance shi na shimfiɗa a cinyata, na ɗora murfin na fara matsawa. Ƙirjin da tauri. Duk matsawa ɗaya sai na ji jakar na turo hannuna baya, irin taurin nan da na ji a kumatuna a bayan gida. Ina ƙirgawa a baki, shaƙa, biyu, uku, shaƙa, biyu, uku.

Asibitin farko wata nas ta fito har bakin mota, ta duba shi, ta girgiza kai. Janaretonsu gefe ɗaya yake ɗauka, injinan da ke aiki duk da yara a kai, wasu ma biyu-biyu. Ba ƙarya ta yi ba, na leƙa na gani. Ta rubuta mana takarda zuwa wani. Muka juya ta Kokomlemle, muka sake faɗawa cunkoso. Hannuna na dama ya ƙage, na koma na hagu, shi ma ya fara gajiya.

"Anti, ba ni in matsa," in ji Isaka. "Kin gaji."

Na dubi hannunsa, hannun mai sara ƙashin sa. Matsawa ɗaya da ƙarfi ta isa ta fasa huhun. Na ce a'a, ya riƙe mini kan kawai, kada haɓar ta sauka. Ya sa yatsu biyu ya tallafe, ya riƙe haka har muka isa, bai motsa ba ko da mota ta faɗa rami.

Bayan la'asar asibiti na biyu suka karɓe shi. Wata matashiyar likita ta karɓi jakar daga hannuna, sai da ta ɓamɓare yatsuna. Suka sa shi a injin nan mai kwalbar ruwa da ke ɓulɓula, wanda ke riƙe jakunkunan a buɗe tsakanin numfashi da numfashi. Akwai maganin da ake zubawa ta maƙogwaro, shi ne abin mai santsin da kansa, daga huhun dabba ake samo shi. Ba su da shi a ranar. Yaron ya kai hantsin Alhamis.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci Isaka ya zo, ya zauna a bencin da kuke kai. Ya gaishe ni yadda ya kamata, na yi masa ta'aziyya. Sannan ya ce:

"Anti, ni an gaya mini ya yi kuka. Me ya kashe shi?"

Na tambaye shi ko ya taɓa fede ɗan tayi. Ya ce sau da yawa. Na ce ya ga huhunsa? Ya ce ya gani, kamar hanta, ba mai saye. Na ce na ɗansa ya fi wannan kaɗan, amma bai nuna ba, saura masa makonni. Na yi masa bayanin ledar koko, ya gane nan take, ya fi wasunku saurin ganewa. Sai na gaya masa maganar allurar.

"Litinin da ta zo nan, da an yi mata, da ya rayu?"

"Ban sani ba," na ce. "Rai na Allah ne. Amma da ya fi samun dama. Kuma ni ce ban duba ta yadda ya kamata ba, ni ce ban tura ta ba."

Adiza na tsaye a ƙofa tana yi mini alama da ido in yi shiru. Isaka ya goge fuskarsa da hularsa, ya ce "Yoo," yadda mutanen nan ke cewa in sun ji magana, ya tashi ya tafi.

Maganar ta zaga lungu. Matan da na karɓi haihuwarsu suka riƙa sauya hanya in sun hango ni a kasuwa. Wata huɗu bencin awo kusan babu kowa. Ban bi kowa da bayani ba. Wutar ma ba ta daidaita ba, duk cikin da bai kai wata tara ba, ko tari mai shi ta yi, babban asibiti nake tura ta. Ba shi kaɗai muka rasa a shekarar ba, amma shi ne wanda da hannuna a ciki.

Bayan shekara biyu, wata safiya, sai ga Isaka da Fusaina a bayansa, ciki ya fara fitowa. Na ɗauka hanya suka ɓata. Bai zauna ba.

"Uwata ta ce in kai shi wani wuri," ya ce, yana nufin matar, irin Hausar Zongo mai kiran mace "shi". "Na ce nan zan kawo. Kin san inda kika yi kuskure, wani bai sani ba. Ki duba shi da kyau."

Kowane mako biyu take zuwa, daga baya kowane mako. Na hana ta ɗaukar ko bokiti. Duk da haka, tana shiga wata na takwas ciwon bayan ya dawo. Na kwantar da ita, na ɗora hannu, na kalli agogo. Cikin na tauri duk bayan minti takwas. Na bar wa Adiza masu awo, na sa ta a mota na kai ta babban asibiti da kaina, ban bar wurin ba sai da na ga allurar farko ta shiga. Washegari aka yi ta biyu. Naƙudar ta jira kwana uku. Mace aka samu, ita ma ƙarama, ita ma ta yi nishin, amma ƙirjinta na karɓar iska. Kwana tara ta yi a injin mai ɓulɓula, sannan makonni a ɗaure a ƙirjin uwarta, fata da fata. An yanka ragon suna tana asibiti.

Ranar da za a kai ta gida na bi su na ga ɗakin. Ba taga, murhun gawayi a bakin ƙofa. Na gaya wa Isaka huhu ba ya gama girma ranar haihuwa, shekaru yake yi yana ƙara jakunkuna, kuma na bakwaini da rauni yake farawa, hayaƙi zai ci shi. Kafin mako ya zagayo ya fasa bango ya sa taga, mai gidan ya yi ta masifa har wajen sarkin unguwa. Yarinyar tana aji uku yanzu. In damina ta sauka ƙirjinta na yin fito, sai uwar ta kawo ta, in ɗaga rigar makarantar in ƙirga. Ba ta kai sauran yara gudu ba, amma tana zuwa inda za ta.

Ni kam na kusa ajiyewa. Gwiwoyina ba sa son tsayuwa, babban yatsan nan tun ranar tasin bai koma daidai ba, da ƙyar nake zura zare a allura. Masu sabbin takardu sun zo da na'urar da ake maƙala wa yaro a ƙafa ta nuna lamba, abu ne mai kyau, ku koye ta. Amma batir na ƙarewa, wuta na tafiya, kuma ranar da za ki fi bukatarta tana wani ɗaki. Abin da ba ya barinki shi ne idonki da kunnenki, su kuwa ba a wata uku ake...

Ku dakata. Ku yi shiru.

Ba ku ji ba? Bayan labule, gado na uku, yaron da aka haifa da hantsi, wanda ya zo da gaggawa. Yanzun nan numfashinsa ya sauya. Ku huɗu ne, kunnuwanku sun fi nawa ƙuruciya da shekara arba'in, kuma kun fi ni kusa da labulen.

Ramatu, tashi. Wanke hannu, ɗauki agogon, ki buɗe masa ƙirji ki ƙirga minti ɗaya cikakke, kada ki ƙirga rabi ki ninka. Ki duba hancinsa da haƙarƙarinsa. Kada ki tsorata uwar. Ke kuma kawo tiren, ki gwada jakar a tafin hannunki kafin ki shiga.

Wata ta ba ni hannu in miƙe.